Kafin Ka Goge Hoton Nan a Wayarka

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar waya ta tura hotunansu zuwa Google Photos ko iCloud, sun tsira ke nan. Ba haka ba ne. Muddin ka kunna daidaitawa, waya da ma'ajiyar intanet kamar mutum da madubinsa suke: abin da ka goge a nan ya gogu a can ma, ya kuma ɓace daga duk na'urar da ke kan wannan asusun. Idan wuri ne ya cika maka a waya, kada ka bi hotuna kana gogewa ɗaya bayan ɗaya. Google Photos yana da maɓallin da ke cire kwafin wayar kaɗai, ya bar wanda aka riga aka ɗora. Shi za ka nema.

Sai batun kuɗi, wanda yake zurarewa ba ka sani ba. Bidiyon biki ɗaya kan cinye datar da ka saya don mako guda, wayar tana aljihunka tana ta ɗorawa. Ka shiga saituna ka hana ta ɗorawa sai da Wi-Fi.

Wurin kyautar ma ba shi da yawa. Google gigabait 15 yake bayarwa, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. iCloud kuwa 5 kacal. Tun 1 ga Yunin 2021 Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, daga 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ta shiga lissafin. Ranar da wurin ya cika, saƙon Gmail ma ba zai shigo ba. Kafin ka fara biyan kuɗin wata-wata, cire bidiyo daga ajiyar WhatsApp, yawancinsu ai na zaurukan da ba ka ko buɗewa ne.

Gogewa ma ba nan take take buɗe wuri ba. A Drive, fayil yana zama a kwandon shara kwana 30, kuma ana ci gaba da lissafa shi har sai ka zubar.

Takardun fili, shaidar karatu da hotunan iyaye, ka kwafe su a filash ko hard disk ɗin kwamfuta yau, kafin ka taɓa kwandon shara.