Yadda za mu yi wa keke mai naɗewa faci da kanmu

'Yan uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan tayar keke ne. Iyalai da dama da suka sami ɗaki a Nima da Maamobi sun sayi ƙaramin keken nan mai naɗewa, kuma mun san dalili. Ɗaki ɗaya ne, tsakar gida ta kowa ce, keken da ya kwana a waje kuwa ba lallai a wayi gari a same shi ba. Shi wannan sai a naɗe shi a tura bayan ƙofa. Da shi ake zuwa Circle neman aikin yini, da shi ake zuwa ofis ranar sabunta takarda. In tayarsa ta sace da safe, kuɗin trotro ya hau kan mutum, wani lokaci ma aikin ranar ya wuce shi.

Ba kowane mai faci ne ke ajiye tiyub ɗin ƙaramar taya ba, wato robar ciki mai riƙe iska. Shi ya sa ya kamata mu iya gyaran wanda muke da shi.

Kayan aikin ba su da yawa: famfo, faci, sholisho, guntuwar samfefa, bokitin ruwa, da cokula biyu masu ƙarfi. Da bayan cokalin ake ɓanɓarar taya. Kada a sa wuƙa ko sukundireba, domin sukan ƙara wa tiyub sabon huji.

A kifar da keken, sirdi a ƙasa. Ba sai an kwance ƙafar ba, musamman ta baya. Wasu kekunan giyarsu a cikin cibiyar ƙafa take, in aka kwance ta mayarwa sai gwani. A sace sauran iskar, a matse tayar da hannu ta kowane gefe har bakinta ya faɗa cikin kwarin da ke tsakiyar rim. Wannan shi ne sirrin ƙaramar taya: tana da tsauri, kuma in ba a yi haka ba sai a yi ta kokawa da ita har cokali ya lanƙwashe. Daga nan a cusa cokali ɗaya a ɗaga bakin tayar, a sa na biyu kusa da shi, a zagaya har gefe ɗaya ya fita. A jawo tiyub waje, a bar bawul a raminsa.

A buga iska kaɗan, a riƙa tsoma tiyub cikin ruwa gaɓa gaɓa. Inda kumfa ta taso, nan ne. A yi alama da biro.

Yanzu mu dakata, domin a nan yawancinmu ke yin gaggawa, washegari taya ta sake kwanciya. Hujin yana gaya mana abin da ya jawo shi. In ɗaya ne kuma ta gefen da ke kallon titi, ƙusa ce ko kwalba ko waya, kuma sau da yawa tana nan maƙale a jikin tayar. A shafa cikin tayar da tsumma a hankali, inda ya sarƙe a duba, a cire abin. Lokacin damina, daga Afrilu zuwa Yuni, ruwa na kwaso irin wannan tarkace daga kwata ya watsa a lunguna, don haka faci ya fi yawa. In huji biyu ne a jere kamar saran maciji, ba abin da ya soki tayar: iska ce ta yi ƙaranci, aka faɗa rami ko bakin kwata, rim ya datse tiyub. In kuma hujin ta ciki yake, wajen rim, to kan wayar ƙafa ne ya leƙo saboda robar da ke rufe shi ta goce ko ta tsage, sai a gyara ta tukuna. Wanda ya tsage a gindin bawul ba ya karɓar faci, sai sabo.

A goge wurin ya bushe sarai, a kankare shi da samfefa, faɗin ya ɗan fi na facin. A shafa sholisho siriri, sannan a jira kamar minti 5 har ya daina ƙyalli. Mun ga masu manna faci a kan ɗanyen sholisho don sauri, ba ya kamawa. In ya sha iska, a ɗora facin a danne sosai da bayan cokali, daga tsakiya zuwa gefe. Iyaye, a kula: sholisho na kama wuta, kada a buɗe shi kusa da kurfoti, kuma shaƙarsa na cutar da ƙwaƙwalwa. A ɓoye shi inda yara ba za su kai ba.

Wajen mayarwa, a sa wa tiyub 'yar iska don kada ya naɗe, a cusa shi ciki, bawul a tsaye cak. A mai da bakin tayar da yatsu, a fara daga gefen da ke nesa da bawul. Kafin a cika iska a leƙa ko'ina a tabbata tayar ba ta cije tiyub ba. Yawan iskar da take ɗauka a rubuce yake a jikinta, kusa da haruffan PSI. Injin masu facin mota na cika ƙaramin tiyub nan take, yana iya fasa shi, don haka famfon hannu ya fi.

In dole sai an sayi sabo, kada a ce wa mai shago "inci 20" kawai. Inci 20 iri biyu ne, akwai 406 akwai 451, haka inci 16 akwai 305 akwai 349. Lambar tana gefen taya, misali 47-406, a rubuta ta a takarda. Bawul ma iri uku ne: mai kauri irin na mota, siriri mai ɗan noti a kai, da wanda aka fi gani a kekunan gwanjo na Japan mai 'yar roba a ciki. Wannan na ukun, in iska na sacewa a hankali alhali ba a ga huji ba, a kwance shi a duba 'yar robar, sau da yawa ita ce ta ruɓe, kuma canza ta kaɗai ya isa. Ranar zuwa shago a tafi da tsohon tiyub ɗin a hannu, a gwada su kafin a biya.