Darasi: Idan Ƙaramin Yaro Ya Firgita

Tun rikicin Disambar 2013, unguwarmu ta Kilomita Biyar ta sha jin ƙarar bindiga, tsoron kuma bai bar ƙannenmu ba. In salansar babur ta buga a Titin Koudoukou, sai ka ga yaro ya yar da allo ya ɓuya bayan malam, da dare kuma ya kasa barci.

Ga abin da muka koya bana: kar mu yi masa dariya, kar mu ce masa matsoraci. Bulala ba ta cire tsoro. Mu zauna kusa da shi, mu gaya masa babur ne kawai, mu raka shi gida, mu sanar da mahaifiyarsa. In abin ya daɗe, a kai shi asibiti.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.