Aljabra da Lissafin Kuɗin Ruwa

Tun da aka kammala Madatsar Ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, manoman Talata Mafara da Bakura da Maradun suka dukufa ga noman rani, musamman shinkafa. Noman rani kuwa sai da jari: iri da taki da ladan 'yan ƙwadago. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai da yawa masu karɓar bashi ba su san nauyin abin da suka ɗauka ba sai ranar biya. Wannan darasi zai nuna wa ɗalibai yadda ake auna wannan nauyi tun kafin a sa hannu.

Kalmar aljabra ta samo asali ne daga littafin da Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya. Tushen ilmin shi ne a ɗauki lissafi tamkar sikeli: duk abin da aka yi wa hannun dama, wajibi ne a yi wa na hagu.

Abubuwa huɗu ne a cikin lissafin ruwa mai sauƙi, wato wanda ake ɗora wa uwar kuɗi kaɗai: uwar kuɗi (U), kashi cikin ɗari a shekara (K), lokaci da shekaru (L), da ruwan kansa (R). Ga ƙa'idar:

R = U × K × L ÷ 100

Misali na farko

A watan Nuwamba na 2015 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da wani shirin ba manoma bashi a Jihar Kebbi, wanda ruwansa bai wuce kashi 9 cikin ɗari a shekara ba. Mu ƙaddara wani manomi a Bakura ya karɓi N200,000 a kan haka, zai biya bayan wata shida. Wata shida rabin shekara ne, saboda haka L = ½.

R = 200,000 × 9 × ½ ÷ 100 = 9,000

Ke nan zai biya N209,000. A kula, mantawa da mayar da watanni zuwa shekara shi ne kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai.

Misali na biyu

A nan ne amfanin aljabra yake fitowa fili. Mu ce wani a Maradun ya ranci N50,000, da sharaɗin zai mayar da N60,000 bayan wata huɗu, in ya yi girbi. Ruwan N10,000 ne, L kuma ⅓. Abin da aka ɓoye masa shi ne K.

10,000 = 50,000 × K × ⅓ ÷ 100

A ninka kowane hannu sau 300, domin a kawar da ⅓ da 100 gaba ɗaya:

3,000,000 = 50,000 × K

A raba kowane hannu da 50,000, sai a sami K = 60.

Wato kashi 60 cikin ɗari a shekara, fiye da ninki shida na misalin farko, alhali a kunne N10,000 ba ta yi kama da abin tsoro ba.

Wataƙila mai karatu ya ce, ai Musulunci ya haramta riba, kuma Jihar Zamfara ta fara aiki da Shari'a tun shekara ta 2000. Gaskiya ne. To amma masanin ƙwayoyin cuta ba don yana son cuta yake nazarinsu ba, sai don ya kare jama'a. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi zai iya zama da mahaifinsa ya fayyace masa abin da ke cikin yarjejeniya, kafin gona ta suɓuce. Bugu da ƙari, batun yana cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO.

Aikin gida

Wani ɗan kasuwa a Talata Mafara ya biya ruwan N18,000 cikin shekara biyu, a kan kashi 12 cikin ɗari. Nawa ne uwar kuɗin? Muna roƙon malamai su sa ɗalibai su nuna kowane mataki a kan allo. Amsa tana nan tafe a fitowa ta gaba.