Yadda Sabon Jami'in Labaran Wasanni a Jami'ar Amurka Yake Raba Lokacinsa da Aikinsa

A kowace makaranta da ke ƙarƙashin hukumar NCAA a Amurka, kuma sun kai kusan 1,100, akwai ma'aikacin da ba ya shiga fili amma ta hannunsa labarin wasa ke fita. Shi ke tattara alƙaluman wasa, ya rubuta rahoto bayan an tashi, ya kula da shafin intanet, ya haɗa 'yan jarida da koci. Masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu, CoSIDA, tun 1957, ta kuma koma College Sports Communicators a 2022. Manyan jami'o'in rukuni na ɗaya na NCAA suna da ofis cike da ma'aikata. A ƙananan kwalejoji na rukuni na uku kuwa, sau da yawa mutum guda ne da wasanni kusan ashirin a wuyansa. Shi ne abin tausayina, domin idan bai koyi sakin aiki ga wasu ba, kafin Kirsimeti ya gama galabaita.

Abin da zai fara yi, tun kafin ya taɓa shafin intanet, shi ne ya karɓo jadawalin kowace ƙungiya ya zuba su a takarda guda. Ƙwallon ƙafa, ƙwallon raga, gudun dogon zango da ƙwallon Amurka duk suna farawa ne daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Ba su gama ba ƙwallon kwando ke shigowa a Nuwamba. A Fabrairu kuma besbol da sauran wasannin bazara su kunno kai, alhali kwando na tsakiyar zafinsa. A waɗannan watanni biyu ne aiki ke cakuɗewa. Sai ya bi takardar ya ja jan layi a duk Asabar da wasa uku ko huɗu suka faɗo a gida, ya rubuta a gefe wa zai tsaya a wane fili. Duk gurbin da ya rasa sunan da zai sa, ya san adadin mutanen da yake bukatar horarwa ke nan.

Daga nan sai koci-koci, ɗaya bayan ɗaya, ko da rabin sa'a ne. Ya tambayi kowa: idan kun je wasa waje, wa zai turo mini sakamako, kuma ta wace hanya? Ya kuma faɗa musu ƙarara abin da ba zai iya ba. Kowane koci yana ganin wasansa ne gaba da kowa, kuma ba laifinsa ba ne. Amma alkawarin da aka yi don kunya a Agusta, a Nuwamba yake zama rigima.

Kafin a fara kaka ake gama aikin zama: jerin sunayen 'yan wasa da lambobin rigunansu, hotuna, taƙaitaccen tarihin kowa, da takardar da ke nuna wa mai shela yadda ake furta sunaye. A nan akwai abin da ba a ba kowa. Dokar FERPA ta 1974 ta kare bayanan karatun ɗalibi, don haka maki da duk abin da ya shafi takardunsa ba ya fita sai da izininsa a rubuce. Batun rauni ma haka ake taka-tsantsan da shi. Wannan, da magana da 'yan jarida ranar da wani abu marar daɗi ya faru, da karatun ƙarshe na duk abin da zai fita da sunan makaranta, na jami'in ne shi kaɗai. Saura kuwa kusan duk ana iya koya wa wani.

Su wa za a koya wa? Yawanci ɗalibai ne, da yawansu a ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya da ke biyan ɗalibi ladan aikin da ya yi a makaranta. Idan an yi sa'a, akwai mai digiri na biyu da ke taimakawa. Wurin da horarwa ta fi cin lokaci, kuma ta fi biya, shi ne teburin alƙaluma. Mutum biyu ke zama: ɗaya idonsa a fili yana kira, ɗaya hannunsa a kwamfuta yana shigarwa. Da can manhajar StatCrew ce ta mamaye ko'ina, daga 2018 kuma NCAA LiveStats ta kamfanin Genius Sports ta fara karɓar wuri, da ƙwallon kwando aka soma. Ko wace ce makarantar ke amfani da ita, hanyar koyarwa ɗaya ce. A ɗauko bidiyon wasan bara, a zaunar da su biyun, a kunna. Mai kira ya riƙa cewa, bakwai ta yi sabis, sha biyu ta tare, huɗu ta ɗaga, tara ta doka, ta shiga. A ƙwallon raga duk wannan cikin daƙiƙa kaɗan yake faruwa, kuma da mai shigarwa ya ɗaga kai don ya gani da idonsa, an wuce shi. Idan sun gama, a ajiye abin da suka fitar kusa da takardar sakamakon bara, a bi layi-layi a ga inda suka saɓa. A maimaita har sai saɓanin ya ragu. Koyon nan a ɗaki shiru ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koyonsa gaban 'yan kallo da koci yana harara.

Hukuncin da ke bukatar ido, kamar a besbol a tantance bugu ne mai kyau ko kuskuren mai tsaro, ni dai ina ganin jami'in ya riƙe shi a kakar farko, domin alƙaluman nan su ne tarihin yaron da ya buga.

Idan za a ba ɗalibi aiki, a ba shi gaba ɗayansa. Kada a ce masa ya taimaka da ƙwallon ƙafar mata. A ce: Instagram ɗin wasan Laraba naka ne, hoto kafin wasa, sakamako a hutun rabin lokaci, na ƙarshe cikin minti goma da tashi. A rubuta matakan a shafi guda. Sannan jami'in ya daure ya cire hannu, ko da ya ga da shi ne da ya fi sauri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda aka ƙwace wa aiki sau biyu ba zai ƙara ɗaukarsa nasa ba. A tuna kuma ɗalibai ne: hutun Thanksgiving a ƙarshen Nuwamba da jarrabawar Disamba suna kwashe su daidai lokacin da aka fi bukatarsu, saboda haka kowane aiki ya zama mutum biyu sun iya shi.

Ranar wasa, daga ƙarshe ake lissafowa. A iso da sa'a biyu, a gwada intanet da na'urar buga takarda, a tabbatar da lambobin riguna tare da jami'in baƙi, domin lamba ɗaya da ta canja tana ɓata wasa guda. Ƙashin rahoton, wato wuri, tarihin haɗuwa da wasa na gaba, tun da safe ake rubuta shi. Da an tashi, kafin a tura komai, a duba takardar sakamako. A ƙwallon kwando akwai gwaji mai sauƙi: yawan jifan da bai shiga ba dole ya yi daidai da yawan cafkewar da aka rubuta, har da na ƙungiya da na mataccen ƙwallo. Idan bai yi ba, akwai abin da ya kuɓuce. Sai a tura wa baƙi, da ofishin gasa, da shafin makaranta, sannan rahoto.

Farkon mako na miƙa sunayen gwarzon mako ne a yawancin gasanni, kuma wa'adin ba ya jira. A wannan zaman ne ya kamata jami'in ya waiwayi makon da ya wuce ya ga wasannin da suka sami rahoto da hoto, da waɗanda aka bari. Dokar Title IX ta 1972 ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya, kuma yaɗa labari yana cikin abubuwan da ake aunawa. Ko ba doka ma, yarinyar da ke gudun dogon zango da asuba tana da iyaye da ke buɗe shafin suna neman sunanta.

Tunda Asabar da yawancin Lahadi na aiki ne, ya zaɓi rana ko rabin rana a tsakiyar mako ya sa ta a takardar jadawalin kamar wasa, ya kuma sanar da shugaban sashen wasanni tun farko. Duk kakar da ta ƙare, cikin makon nan ya sabunta littafin bajinta, ya adana hotuna da sunayen waɗanda ke ciki, ya gyara shafin matakan nan bisa abin da ɗaliban suka ce ya ba su wahala, kafin wasa na gaba ya taso.