Lambar Da Ke Cikin Agogo: 86,400

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai wata lamba da kowa ke kashe ta kullum, mai kuɗi da talaka, amma ba kowa ya taɓa lissafa ta ba. Kwana ɗaya awa 24 ne, awa ɗaya minti 60, minti ɗaya kuma sakan 60. To, 24 sau 60 shi ne 1,440, in aka sāke yin sau 60 sai a sami 86,400, watau dubu tamanin da shida da ɗari huɗu. Bari mu duba halinta.

Da farko dai cika ce, ba mara ba, domin ta ƙare da sifiri. Wannan sifirin ya kuma nuna 5 da 10 suna raba ta. In ka tara alƙalumanta, 8 da 6 da 4, za ka sami 18, kuma tun da 9 na raba 18, lalle 3 da 9 suna raba ta. Amma 7 ba ta iyawa, sai an bar ragowar 6.

Na biyu, akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Su ne tubalan da ake gina sauran lambobi da su. Raba 86,400 da 2 har sau bakwai, za ka sauka a 675. Raba wannan da 3 sau uku, saura 25, watau 5 sau 5. Tubalanta ke nan: 2 guda bakwai, 3 guda uku, 5 guda biyu.

Daga nan ake gane yawan lambobin da ke raba ta ba ragowa. Ƙara ɗaya a kan bakwai da uku da biyu, su zama 8, 4, 3, sa'an nan ka ninka su: 96 ke nan. In aka tara su duka, ban da ita kanta, sun kai 229,800. Lambar da masu raba ta suka fi ta in an tara su, masana na sa ta a ajin lambobi masu yalwa.

Ina amfanin wannan? Ƙirga da sittin mun gaje shi ne daga mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yanzu. A 1793 gwamnatin Faransa ta kafa dokar raba kwana awa 10, kowace awa minti 100, kowane minti sakan 100, jimla 100,000. Lambar ta fi tamu girma da kyan gani, amma masu raba ta 36 ne kurum, kuma 3 ba ta cikinsu. A 1795 aka daina tilasta dokar. Mu kuwa in an kasa kwana uku ga ma'aikatan asibiti, kowa ya sami awa takwas cif, sakan 28,800, babu gardama.

Saboda haka, 'yan'uwa, in babbar lamba ta fito a jarrabawa kada gabanku ya faɗi. Ku farfasa ta zuwa tubalanta tukuna. Girman lamba ba shi ne amfaninta ba, sai yadda take rabuwa.