Waya Biyu a Kan Kanta: Yadda Iyali Za Su Gane Wadda Ta Fi Hoto

A Maiduguri wayar da mai gida ya saya ba ta zama tasa shi kaɗai. Da ita uwargida za ta ɗauki kwalaben humra da turaren wutar da take sayarwa ta ɗora a WhatsApp, da ita yaro zai ɗauki takardar jarrabawarsa ya tura wa mai cike fom, da ita kuma za a ɗauki jariri ranar suna a aika wa dangi a Kano, Njamena ko Jidda. Shi ya sa idan aka tsaya a kasuwar Jagwal ta wajen Post Office, ko a wani shago cikin Monday Market, ga waya biyu kuɗinsu kusan ɗaya, tambayar da ta fi fitowa ita ce: wacce ta fi hoto? Mai shago zai amsa, amma shi hankalinsa na kan wadda yake so ta fita. Ku kuwa fuskokin gidanku ne za su shiga hoton, a irin hasken da kuke zaune cikinsa, don haka da su za a yi gwaji.

1. Kada lambar da ke jikin kwali ta yanke muku hukunci. Za ku ji an ce, "Alhaji, wannan fa 108 ce, waccan 50 ce kawai." Gaskiya ne Redmi Note 13 tana da megafiksel 108, Samsung Galaxy A15 kuma 50. Sai dai lambar yawan ɗigogin da ke kan sensa kawai take faɗi, wato ɗan allon nan da haske ke sauka a kansa bayan ya ratsa gilashin kyamara. Ba ta faɗin girman kowane ɗigo. In aka cusa ɗigo miliyan 108 a ɗan ƙaramin wuri, kowanne hasken da yake kamawa kaɗan ne, kamar mai tarar ruwan sama da kofunan shayi. Saboda haka wayar da kanta take haɗa ɗigo tara su zama ɗaya, ta ba ku hoto mai megafiksel 12. Mai 64 tana haɗa huɗu ta ba da 16, mai 50 ta ba da 12 da rabi. Kun ga a hoton yau da kullum mai 108 da mai 50 kusan kunnen doki suke. Abin da ke raba su shi ne faɗin sensar, kyan gilashin, da manhajar da ke gyara hoton a daƙiƙar da aka latsa.

Ko da lambar ta zo ɗaya, hoton ba lallai ya zo ɗaya ba. Tecno Camon 20 da Infinix Note 30 duk a 2023 suka fito, kowacce da kyamarar baya mai 64, kuma kamfani ɗaya ne ya haife su, Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda shi ne dai mai itel. Amma ƙwaƙwalwar cikinsu daban ce, ta farko Helio G85, ta biyu Helio G99, kuma kowacce da yadda aka saita mata launi.

2. Yawan idanu a bayan waya ba shi ne ba. A wayoyi masu matsakaicin kuɗi ido ɗaya ne ke yin kusan dukkan aikin, sauran sau da yawa masu megafiksel 2 ne ko ƙasa da haka. Ku buɗe kyamara ku rufe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ku ga wanne ne in an rufe shi hoton ke ɗaukewa.

3. Ku yi wa wayoyin biyu adalci kafin ku fara. A ɓare ledar da ke kan gilashin kyamara, a goge shi da gefen riga mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya kan komai kafin azahar. Gilashi mai maiƙon yatsa yana sa fitila ta fito da jela-jela, har a ɗora wa waya laifin da ba nata ba. A kashe filta da abin gyaran fuska a duka biyun. Mutum ɗaya ya riƙe, a wuri ɗaya, ya ɗauka da wannan, nan take ya ɗauka da waccan, kowacce sau biyu ko uku.

4. Ku je da fuskar gida. Wannan ce shawarar da na fi so a riƙe. Kyamara ba ta taso da sanin baƙar fata ba. Tun zamanin fim, katin da kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki, aka ɗauki shekaru ana auna kyan hoto da farar fata. Sai a baya-bayan nan kamfanoni suka waiwayo: Google ya shigo da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021, Transsion kuwa ya daɗe da yin suna a Afirka wajen saita kyamara ta iya fito da fuskar baƙin mutum. Amma fitowa daban, faɗin gaskiya daban. Wasu wayoyin sukan haskaka fuskar har ta yi toka-toka, su shafe ta sumul, su goge tsagar gado da kwarmin murmushi, a ƙarshe kaka ta kalli hoton jikarta ta ce ba ita ba ce. Yarinyar da ta tashi kullum wayar gida tana nuna mata fuskar da ta fi tata haske, wata rana za ta raina wadda take gani a madubi, kuma daga nan zuwa shagon man bilicin ba nisa. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

To ku tsayar da mutum biyu, ɗaya baƙi wuluk ɗaya wankan tarwaɗa, kafaɗa da kafaɗa, a ɗauke su a hoto guda. Ku duba: baƙin ya ɓace ne cikin duhu, ko hasken ya wanke ɗayan? Ku jawo hoton ku kalli goshi da gefen ido. Wayar da ta bar fatar mutum a fatarsa, da gashin gira ɗaiɗai, ita ce ta ci wannan zagayen. A yi haka da kyamarar gaba ma, don nan ne shafe-shafen ya fi yawa.

5. Ku fita da su rana. Ranar Maiduguri ba ta da sassauci, kuma mu mutane ne masu son farar shadda. Mai fararen kaya ya tsaya rabi a inuwar darbejiya rabi a rana. Waya mai kyau za ta nuna zanen shaddar da aikin wuyan rigar ba tare da fuskar ta dushe ba. Mai rauni za ta mai da rigar farin fili babu komai a ciki. In akwai HDR a kunna a duka biyun, don aikinsa ke nan, haɗa haske da inuwa a hoto ɗaya. Ku kawo hular Zanna Bukar kusa ku ga ko zaren ya fito ɗaya-ɗaya. Mai sayar da lafaya ko atamfa ta fi kowa buƙatar lura a nan: ta ɗauki ja, shuɗi da ruwan goro, ta ajiye hoton gefen ƙyallen. In waya ta ƙara wa launi wuta, mai saye za ta dawo da kaya tana cewa ba wannan ta gani ba.

6. Gwajin duhu shi ne mai raba gardama. Da rana kusan kowace waya ta yanzu tana abin kirki. Amma mu nan mun san zaman duhu. Tun da aka lalata turakun layin wuta na hanyar Damaturu a Janairun 2021 garin ya shafe watanni ba wutar gwamnati, kuma ko bayan buɗe tashar iskar gas mai megawat 50 a Maris na 2023, gidaje da yawa ƙwan sola ɗaya ko fitilar caji ce haskensu na dare. Bikin wushe-wushe na aure da dare ake yi, hirar iyali bayan isha'i ce. Don haka ku roƙi mai shago ku shiga lungun da ya fi duhu, ko a kashe fitila na ɗan lokaci. Ku ɗauka ba filasha, sannan ku ɗauka da tsarin dare, wanda galibi alamar jinjirin wata ce a kansa. Ku duba inuwa: ta cika da tsaki-tsaki kamar yashi? Fuskar ta narke? A takardar bayanin waya, lambar da ke bin harafin f in ta fi ƙanƙanta ƙofar hasken ta fi faɗi, wato f/1.7 ta fi f/2.2 shan haske. Wayar da ke da OIS kuma tana rage illar rawar hannu.

Tsarin dare yana son a tsaya cak na 'yan daƙiƙu, yaro kuwa ba ya tsayawa. A sa wani ya ɗaga hannu ko ya juya kai lokacin latsawa, ku ga wacce ta fi kama shi ba tare da ya zama hayaƙi ba.

7. Ku ɗauki takarda mai ƙananan rubutu, rasit ko katin asibiti, ku karanta layin da ke kusurwa, ba na tsakiya ba. Gilashi mai arha a gefe yake tona kansa.

8. Kada ku yi hukunci a kan sikirin na wayoyin. Camon 20 sikirinta AMOLED ne, mai zurfin baƙi da kaifin launi, na Note 30 kuma LCD ne. Hoto ɗaya zai iya fi kyau a kan na farkon alhali ba kyamarar ce ta yi aikin ba. A tura hotunan duka zuwa waya ta uku a kalle su a jere, kuma zai fi kyau wanda zai zaɓa bai san wanne ne na wacce ba. A tura ta Xender ko Bluetooth, ko ta WhatsApp a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta zubar da ƙananan bayanansa. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara maɓallin HD, mai sana'a ta saba da danna shi.

9. Ku yi bidiyon minti biyu kuna tafiya kuna magana, ku saurari muryar cikin hayaniyar kasuwa, sannan ku taɓa bayan wayar. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma wayar da ta ɗau zafi tun a inuwar shago za ta iya rage haske ko ta rufe kyamara ana tsakiyar hawan sallah a ƙofar fadar Shehu.

10. In ta hannu ce, ku ƙara sa ido. Ku ɗauki farin bango ko sararin sama; baƙin tabo da ke maimaituwa a wuri guda alamar ƙura ce ta shiga ciki, ko an taɓa buɗe wayar. Ku kusanto da yatsa ku janye ku ga ko kyamarar na saurin daidaita gani. Ku danna *#06# ku gwada lambar IMEI da ta kwali, ku karɓi rasit mai ɗauke da ita. Wayar da ba a san asalinta ba tana iya kai mai gida ofishin 'yan sanda.

11. Ku tanadi inda hotunan za su zauna kafin ku bar shagon. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shiga Gwange, Fori, Monday Market har fadar Shehu, mutane suka fita da kayan jikinsu kawai. Gidaje da dama sun rasa albam na aure, takardun fili da na makaranta, da wayoyin da hotunan iyayen da suka rasu ke ciki. Asusun Google yana ba da gigabayit 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos ke rabawa. A buɗe shi da lambar wayar mai gida ko uwargida, kada a bar yaron shago ya buɗe da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. A rubuta ta a ba mutum biyu a gida. Hoton cikakken 64 ko 108 yana cinye wuri da sauri, a bar shi sai wanda za a wanke babba a rataye a bango. A fara ɗora takardun gida, katin NIN da hotunan dattawa, bidiyon biki ya biyo baya in an samu data mai sauƙi.