TAFIYAR ƘASA DON SHAN ISKA A KARKARAR INGILA: GARIN BAKEWELL DA TURBOBINSA

Wannan darasi an shirya shi domin Hakimai da malamansu. Zai bayyana wata al'ada ta mutanen Ingila, watau fita karkara da ƙafa ran hutu don shan iska, da kuma dokokin da suka sa talakan birni ya ke iya ratsa gonar mai arziki ba tare da rigima ba. An zaɓi gari guda, Bakewell, don ya zama misali. Duk wanda ya san wuyar shari'ar burtali da ta iyakar gona lalle zai sami abin lura a ciki.

Garin da Kasuwarsa

Bakewell ƙaramin gari ne a lardin Derbyshire, kudu maso yamma da birnin Shefild, a bakin wani kogi da a ke kira Wye. Mutanensa ba su wuce 4,000 ba. Kasuwarsa tana ci ran Litinin, ta kaya da ta dabbobi, ta kuwa haura shekara 600 tana ci. A bakin garin akwai gadar dutse mai baka biyar wadda ta yi kimanin shekara 700 a tsaye, har yau motoci suna bi ta kanta.

Da ya ke garin kasuwa ne, turbobi sun nufo shi daga ko wace kusurwa. Manoma da makiyaya da masu haƙar darma su ne suka tattake su tun zamanin da, suna zuwa cin kasuwa, ko wurin aiki, ko wurin ibada. Yanzu kayan kasuwa a mota su ke zuwa, amma turbobin suna nan, masu shan iska sun gaje su.

Yadda A ke Auna Tafiya

Masu rubuta littattafan jagora su kan kasa tafiya kashi uku: mai sauƙi, da matsakaiciya, da mai wuya. Mai sauƙi ita ce wadda ba ta wuce mil huɗu ko biyar ba, ba ta kuma da hawa, tsoho da yaro duk suna iya yinta. Matsakaiciya ta kan fi haka tsawo, da hawa da gangara, amma mai lafiya zai gama ta cikin rabin yini. Mai wuya kuwa ta kan manyan tuddai ce, ba ta cikin wannan darasi.

Akwai wani lissafi da wani mutumin Sikotilan mai suna William Naismith ya tsara cikin 1892, har yanzu ana aiki da shi. A ba ko wane mil 3 awa ɗaya, sa'an nan a ƙara awa ɗaya saboda ko wane ƙafa 2,000 na hawa. Misali, tafiyar mil 6 wadda ke da hawan ƙafa 1,000 za ta ci awa biyu da rabi. Lokacin hutu da na cin abinci ba ya cikin lissafin, sai a ƙara shi dabam.

Tafiya Huɗu daga Bakewell

Ta farko, zuwa ƙauyen Ashford. Turbar ta bi gefen kogi ta cikin makiyaya, ba ta kai mil 2 ba, ba hawan kirki. A ƙauyen akwai wata tsohuwar gada da a ke kira gadar wankin tumaki. A da, in lokacin sausayar ulu ya yi, sai a tsare 'yan tumaki cikin wani garke na dutse a wannan gaɓa, a jefa iyayen cikin ruwa daga waccan. Ko wace tunkiya sai ta yi iyo ta nufi kukan ɗanta, kafin ta haye ulunta ya wanku. Garken yana nan jikin gadar.

Ta biyu, zuwa gidan Haddon, kamar mil 2 kudu da gari, bin kogin ta inda ya gangara. Tsohon gidan sarauta ne, an bar shi ba mazauni wajen shekara 200, kana aka gyara shi bayan 1920. Ita ma mai sauƙi ce, sai dai fadama ce, in an yi ruwa da yawa ta kan yi taɓo.

Ta uku, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da a ke kira turbar Monsal. An buɗe hanyar jirgin cikin 1863, tana cikin wadda ta haɗa Mancesta da Landan, aka rufe ta cikin 1968. Hukuma ba ta bar ta ta zama kurmi ba. Aka mai da ita turbar masu ƙafa da masu keke da masu doki cikin 1981, tsawonta mil 8 da rabi. Cikin 2011 aka sa fitilu cikin manyan ramuka huɗu da jirgi ya kan bi ta ƙarƙashin dutse, aka buɗe su ga jama'a. Daga tsohuwar tashar Bakewell mutum zai yi mil 3 da 'yan kai, ya shiga ramin Headstone mai tsawon yadi 533, ya ɓullo bisa wata doguwar gada, kwarin Monsal yana can ƙarƙashinsa. Da ya ke jirgi ba ya son hawa, hanyar a shimfiɗe ta ke, har mai keken guragu yana binta.

Ta huɗu ita ce matsakaiciya, zuwa Chatsworth, gidan babban basaraken nan mai sarautar Devonshire. Daga gada a ke kama hawa ta cikin kurmi, a fita wani faffaɗan tudu na kiwon tumaki, a gangara ƙauyen Edensor. Wannan ƙauye basarake na shida ne ya rushe yawancinsa ya sake gina shi a wani wuri wajen 1840. Daga nan a ratsa filin gidan, inda tumaki da bareyi ke kiwo, zuwa bakin kogin Derwent. Zuwa da dawowa kamar mil 7 ko 8 ne, tudun kuwa sau biyu a ke hawansa. Wanda bai saba ba ya tashi da wuri, ya tafi a hankali, gama sannu ba ta hana zuwa.

Mai tafiya ya kan riƙi taswirar Ma'aikatar Safiyo, wadda inci biyu da rabi a kanta ke daidai da mil ɗaya a ƙasa. Ya kan sa takalmi mai ƙarfi, ya ɗauki rigar ruwa, domin a Ingila ba watan da ba a ruwa. Ya kuma lura da tsawon yini: cikin Yuni da sauran haske har bayan ƙarfe tara na dare, cikin Disamba kuwa rana ta kan faɗi kafin ƙarfe huɗu.

Yadda Jama'a Suka Sami Wannan Izini

Kada mai karatu ya zaci abin ya zo a banza. Tuddan da ke arewacin Bakewell, a da masu ƙasa sun hana kowa hawansu, saboda suna farautar waɗansu tsuntsaye masu kama da makwarwa a can. Ga ma'aikatan masaƙu da maƙeru na Mancesta da Shefild sun wuni cikin hayaƙi kwana shida, ran Lahadi suna hangen tuddan, ba damar hawa. Ran 24 ga Afrilu, 1932, mutum kamar 400 suka taru suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wani saurayi Benny Rothman yana cikin shugabanninsu. Suka yi arangama da masu gadin dajin. Aka ɗaure mutum biyar, wanda ya fi daɗewa wata shida. Ɗaurin nan ya ta da hankalin mutane, maganar ta daɗa ƙarfi.

Cikin 1949 Majalisar Dokoki ta yi doka a kan gandayen shaƙatawa na ƙasa da shiga karkara. Na farko da aka kafa bisa wannan doka shi ne na Peak District, cikin 1951, faɗinsa murabba'in mil 555, ofishinsa kuwa a Bakewell ya ke. Amma fa yawancin ƙasar gandun tana hannun masu ita, suna noma suna kiwo kamar da. Cikin 2000 aka ƙara wata doka wadda ta buɗe tuddai da dazuzzukan da ba a nomawa ga masu tafiya a ƙasa.

Aikin Rubuta Turbobi

Nan ne wurin da ya fi shafar malamai. Dokar 1949 ta umarci ko wace Majalisar Lardi ta zana taswirar turbobin jama'a duka. Majalisun ƙauyuka su ne suka bi turbobin da ƙafa, suka tambayi dattawa, suka rubuta inda ko wace ta tashi da inda ta ƙare. Aka fitar da taswirar farko, aka ba da wata huɗu ko fiye don mai ƙorafi ya kawo. Bayan an saurari ƙorafi aka fitar da ta biyu, wadda mai ƙasa ke iya kai ƙara kotu a kanta. Sa'an nan aka fitar da tabbatacciya. Turbar da ta shiga wannan taswira, shigarta ta isa hujja a gaban alƙali.

Ƙauyukan da suka yi aikin da himma sun tsira da turbobinsu. Inda aka yi sakaci, turbobi da yawa ba su shiga ba. Rashin shiga bai kashe haƙƙin ba, amma mai nemansa sai ya tono tsofaffin takardu, ko ya kawo shaidun cewa jama'a sun yi shekara 20 suna bi a fili, ba da ƙarfi ba, ba kuma da roƙon izini ba. Wannan shari'a ta kan ci shekaru. Yau a Ingila da Wels akwai turbobin jama'a kimanin mil 140,000.

Abin da Ke Kan Ko Wane Ɓangare

A kan mai gona:
1. Ba shi da ikon toshe turba, ko kafa allon ƙarya don tsorata masu wucewa.
2. In ya nome turbar da ta ratsa tsakiyar gona, sai ya gyara ta cikin kwana 14, faɗinta kada ya kasa mita 1, ta masu doki kuwa mita 2. Wadda ta bi gefen gona ba a nome ta sam.
3. Shi ke kula da ƙofofi da matakalan tsallake shinge, Majalisa kuwa ta biya aƙalla rubu'in kuɗin gyara.
4. Ba a barin bijimin shanun madara wanda ya wuce wata goma a filin da turba ta ratsa. Bijimin wani iri kuwa sai tare da shanu mata.

A kan mai tafiya:
1. Ya tsaya kan turba, kada ya shiga shuka.
2. Ya bar ƙofa yadda ya same ta. In a rufe ta ke ya rufe, in a buɗe ya bar ta, watakila manomi ne ya buɗe don dabbobi su kai ga ruwa.
3. Kada ya hau katanga. Katangun wannan yanki duwatsu ne aka jera ba laka ba siminti, dutse ɗaya ya zame sai sashe ya zube, tumaki su fita.
4. Ya riƙe karensa kusa da dabbobi, ya kwashe shararsa, kada ya kunna wuta.

A kan Majalisa kuwa akwai kula da doron turba da gadoji, da kafa alama inda turba ta rabu da titi. Kibiya rawaya tana nufin masu ƙafa kaɗai, shuɗiya masu ƙafa da doki da keke, ja kuwa har mota.

Amfanin Abin ga Gari

Baƙin nan su ke cika masaukai da shagunan Bakewell da ƙauyukansa. An ga gaskiyar haka cikin 2001, sa'ad da cutar dabbobi mai kama baki da kofato ta ɓarke. Aka rufe turbobin ƙasar wata da watanni don kada masu tafiya su yaɗa ta, aka hallaka dabbobi fiye da miliyan shida. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu masauki da masu abinci suka yi hasara tare da makiyaya.

Abin Lura ga Hakimai

A ƙasar Hausa ba don shan iska a ke bin turba ba. Ta rijiya ce, ta kasuwa, ta maƙabarta, da burtalin da ke kai shanu mashaya. Ashe bukatar kiyaye ta ta fi ta Ingila ƙarfi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo cikin 1965, amma burtali da yawa an cinye su da kaɗan da kaɗan, kunya ɗaya bana, kunya biyu baɗi, har ya zama shanu ba su wucewa sai ta cikin shuka. Abin da ke biyo baya ba Hakimin da bai san shi ba.

Dokar ƙasa da ta gado a nan dabam su ke da na Ingila, ba a ɗauko tasu a dasa kamar yadda ta ke. Abu uku ne dai suka cancanci tunani. Na ɗaya, an rubuta hanya tun shaidu suna da rai. Na biyu, an ba mai ƙorafi lokaci kafin a tabbatar. Na uku, an faɗa wa mai gona da mai wucewa abin da ke kan ko wannensu, da awo, da adadin kwanaki.

Tambayoyi

1. Tafiyar mil 9 mai hawan ƙafa 1,000, awa nawa za ta ci bisa lissafin Naismith?
2. Me ya sa dokar 1949 ta sa a fitar da taswira har sau uku?
3. Burtali nawa ne ke cikin gundumarka, nawa ne daga ciki ke rubuce a littafin ofis?
4. Malami ya zaɓi turba guda da ta tashi daga kasuwar garinsa, ya bi ta da ƙafa tare da Dagaci da Mai'unguwa da Arɗo da manoman da ke gefenta. Ya rubuta mafarinta da maƙarinta, da faɗinta a wurare uku, da sunayen dattawan da suka shaida, ya kai wa Hakimi ya duba.